Ga mai na'urar koyon bugun golf: riƙe bidiyon nan tukuna

Ƙanena, na ga tambayarka. Ka ce ka ƙera wani ɗan ƙarfe da ake ɗaurawa a wuyan hannu, mai yin "ƙas" da zarar ɗan golf ya karya hannu kafin sanda ta taɓa ƙwallo, kana neman yadda za ka yi masa rajistar mallaka, kuma ko ka fara tallarsa a Facebook da bidiyon da ka ɗauka. Allah ya ƙara basira. Amma don Allah kada bidiyon nan ya bar wayarka.

Ni abin ya taɓa ci na. Shekarun baya, a shagona na walda da ke Ƙofar Ƙaura, na haɗa injin ɓarar gyaɗa na hannu. Don murna na watsa hotunansa, har da cikinsa a buɗe, ana ganin haƙoran. Damina ba ta wuce ba sai ga irinsa a kasuwa, fenti kawai aka sauya. Da na je wurin lauya ya buɗe mini dokar rajistar ƙirƙira ta 1970: duk abin da jama'a suka gani kafin ranar da ka shigar da takarda ya tashi daga sabo, ko da kai ne ka nuna shi. Kuma wanda ya riga shigarwa shi ke da haƙƙi. Na dawo gida ko tuwo ban iya ci ba.

Fara da bincike. Shiga Google Patents, shafin binciken ƙirƙirar da aka yi wa rajista, ka rubuta A63B 69/36, rukunin kayan atisayen golf ke nan. Za ka sha mamakin yawan abin ɗaurawa a hannu da Amurkawa suka riga suka yi wa rajista. Na nanata wannan ne saboda ofishin rajista na Abuja, ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki, cikar takardu yake dubawa, ba ya tantance ko abinka sabo ne. Kana iya riƙe da satifiket, a kai ka kotu a soke shi. Saboda haka zauna ka gano takamaiman abin da ya bambanta naka, maƙullin ne ko yadda yake ƙara, shi za ka zana ka nemi kariya a kansa.

Tuntuɓi NOTAP, hukumar gwamnatin tarayya mai kula da bunƙasa fasaha, suna taimaka wa masu ƙirƙira wajen shigar da takardu. Kariyar shekara 20 ce, da kuɗin sabuntawa duk shekara, kuma iyakarta Nijeriya. Ko Maraɗi ba ta kai ba. Masu golf ɗinmu kuwa ba su da yawa, kasuwar tana waje. Daga ranar shigarwa kana da wata 12 ka nemi ta waje ta tsarin PCT, yarjejeniyar ƙasashe kan neman rajistar ƙirƙira, wanda Nijeriya ta shiga a 2005.

In za ka ba wani koci ya gwada, ko maƙerin da zai yanka maka samfuri, ya fara sa hannu a takardar riƙe sirri, ko da abokinka ne na ƙuruciya.