Likita, An Ce Ina Da Gidan Ƙwai Uku

Wata uwargida daga unguwar Zariya, Maradi: Likita, an yi mini aiki aka ciro ɗana na huɗu. Da na farfaɗo, wanda ya yi aikin ya ce ya ga wani ɗan guntun gidan ƙwai a gefe, ban da biyun da kowace mace ke da su. Uwar mijina ta ce jifa ne. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Hajiya, barka da arziki, Allah ya raya. Ki kwantar da hankalinki, da abin nan aka haife ki, ba hannun kowa, kuma kin haihu huɗu yana nan kwance bai hana ki komai ba. Tun kina cikin mahaifiyarki, wajen mako na 5 zuwa na 6 da shigar ciki, ƙwayoyin da za su zama ƙwai suke tasowa su yi tafiya zuwa mazauninsu. Wani lokaci kaɗan daga ciki sukan tsaya a hanya su kafa nasu gida, wani lokaci kuma gidan ƙwan ne ke ɓantarewa. Tun 1959 wani likita a Amurka mai suna Wharton ya raba abin gida biyu. Akwai ɗan guntu da ke maƙale da gidan ƙwai na asali, galibi bai kai santimita 1 ba, kamar ƙwayar wake. Akwai kuma gidan ƙwai na uku mai zaman kansa, wanda akan tarar can nesa, jikin kitsen hanji ko kusa da ƙoda. Wannan mai zaman kansa yana da wuyar samu ƙwarai, likita kan gama aikinsa har ya ajiye bai taɓa ganinsa ba.

Abin da na fi damuwa da shi a wurinki shi ne ƙoda. Ƙoda da kayan haihuwa kusan tare ake halittarsu, shi ya sa wasu masu wannan abu kan kasance da ƙoda ɗaya, ko hanyar fitsari biyu a gefe guda. Ki koma da takardar aikinki, ki nemi a yi miki eko, wato hoton ciki, na ƙoda da mara. In komai lafiya, a bar shi inda yake. Ban ga dalilin sake tsaga cikin mace don abin da ba ya damunta ba.

Wani magidanci daga Tasawa: Matata aka gaya wa haka. Shi ke nan tagwaye za ta yi ta haifa?

Amsa: A'a, Malam. Yawan gidan ƙwai ba ya ƙara yawan ƙwan da ke fita a wata, galibi ɗaya ne. Ba ya kuma hana ɗaukar ciki, kuma ba ku da dalilin fasa tazarar haihuwa saboda shi.

Wata baiwar Allah daga Madarumfa: An cire mini gidan ƙwai duka biyu saboda ƙari, an bar mahaifa. An ce al'ada ta tafi ke nan, amma ga jini yana zuwa duk wata, da ciwo a gefen hagu.

Amsa: Ƴar'uwa, wannan kada ki zauna da shi. Abu biyu nake zato. Mafi yawa, ɗan guntu ne ya rage lokacin aikin, musamman in kayan ciki sun manne da juna, sai ya ci gaba da aiki. Yana iya yiwuwa kuma kina da na uku da ba a gani ba. Amma jini bayan irin wannan aiki yana iya fitowa daga ciwon mahaifa ko bakinta, don haka dole a duba. Ki je wurin likitan mata a Cibiyar Lafiyar Uwa da Yaro ta Maradi, a gwada jininki a ga ko akwai gidan ƙwan da ke aiki, a yi eko, a duba bakin mahaifa. Guntun gidan ƙwai irin wannan yana iya yin ƙullutun ruwa ko ƙari kamar kowane gidan ƙwai, in ya yi haka sai a cire. Ranar da ciwon ya taso farat ɗaya, mai tsanani, da amai, kada a tsaya jiƙa saiwa ko jiran gari ya waye, a kama hanyar asibiti nan take.