Zauren Waya da Intanet: "Ana karanta littafina a YouTube, ban ba kowa izini ba"

Wasiƙu uku na ɗauko a wannan watan, duka a kan haƙƙin mallaka. Ta farkon ce ta fi tsaya mini a rai, don haka a kanta zan fi daɗewa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce, ina rubuta littafi a waya. Shafi 20 na farko na sake shi kyauta, sauran kuma duk mai so ta biya naira 500 in saka ta a guruf ɗin WhatsApp. Wata 7 na yi ina rubutun nan, yawanci bayan yara sun yi barci. Makon jiya ƙanwata ta turo mini wata tashar YouTube, sai na ji wani yana karanta littafin tun daga farko har ƙarshe, kashi 42, har da talla a tsakani. Na yi masa magana, ya ce ai tallata ni yake yi, kuma ya ambaci sunana. Da na matsa sai ya ce tunda ban buga littafin ba, ban kuma yi rajista ba, ba ni da ta cewa. Malam, haka abin yake? Ko in bar shi da Allah ya isa?
'Yar'uwarku daga Gwammaja

AMSA: Wa alaikumus salam. Malama, ba gaskiya ya faɗa miki ba, kina da ta cewa sosai.

Dokar da ake aiki da ita yanzu ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 17 ga Maris, 2023, ta maye gurbin tsohuwar da ta samo asali tun 1988. Abu biyu take nema kafin rubutu ya zama na mutum: ya zamana shi ya yi wahalar ƙirƙiro shi, sannan an adana shi a wani abin da za a iya komawa a karanta ko a saurara. Ba ta ce sai takarda ba, wayarki ma ta wadatar. Tun daren da kika rubuta shafin farko ya zama naki, kuma naki ne har ƙarshen ranki, bayan nan magadanki su riƙe shi shekara 70. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, wato NCC, tana da tsarin rajista ta intanet, kuma ina ba ki shawara ki yi, domin takardar tana sauƙaƙa magana a gaban alƙali. Amma shaida ce kawai. Yaron da ba a yi wa takardar haihuwa ba ai bai fasa zama ɗan mahaifiyarsa ba.

Maganar talla ita ce ta fi sosa mini rai, domin bakina ma ya taɓa faɗin ta. Na yi wajen shekara 3 ina zama a wani ɗan shago a gefen kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, da kwamfuta ɗaya da tarin igiyoyi, muna tura wa mutane fim da waƙa a memori, kowane fim naira 50. Fim zai fito da safe a kasuwar Ƙofar Wambai, kafin la'asar yana cikin kwamfutarmu. In zuciya ta ɗan motsa sai mu ce ai tallata su muke yi. Wata rana wani dattijo ya shigo a saka masa karatun Alƙur'ani a waya, sai idonsa ya faɗa kan jerin fina-finan da ke fuskar kwamfutar. Ya sa yatsa a kan guda ɗaya, ya ce filinsa na gado ya sayar ya zuba kuɗin a wannan fim, kuma ko rabi bai dawo ba. Bai zage mu ba, bai ma ɗaga murya ba. Ya biya kuɗin karatunsa ya gyara hularsa ya fita. Ban ƙara wata biyu a shagon nan ba.

Mai kilishi in zai yi talla ɗan yanki yake ba ka ka ɗanɗana, ba ya miƙa maka faifan duka. Matar da ta saurari kashi 42 kyauta tana wanke-wanke, me zai kai ta biyan ki naira 500? Shi kuwa mai tashar, muddin ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin shekara guda aka karɓe shi a tsarin rabon kuɗi, to kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallan da ake sakawa a dogayen bidiyoyinsa aljihunsa yake shiga. Ambaton sunanki bai zama izini ba. Amfaninsa ɗaya ne, ya amsa da bakinsa cewa littafin naki ne, kuma wannan zai yi miki rana nan gaba.

Za ki kuma ji masu cewa wannan duk dokar Bature ce. Ki gaya musu Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a watan Disamba na 1988, a zamanta na 5, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta su ba. Addu'a kam ki yi, zalunci aka yi miki. Sai dai an ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.

Daga yau ki daina ja-in-ja da shi. Ki ɗauki hoton hirar da kuka yi, musamman inda ya ce ya ambaci sunanki. Ki kwafi adireshin kowane bidiyo ki ajiye, duka 42 ɗin, kada ki yi ƙyuya. Ki ɗauki hoton saƙonninki na farko a guruf inda kwanan wata ya fito. Kada ki goge guruf ɗin, kada ki yi musayar wayar a wannan tsakanin, sannan ki tura wa kanki littafin gaba ɗaya ta imel, don ko waya ta faɗa ruwa shaida na nan.

Sai ki shiga YouTube ki cika fom ɗin neman a sauke bidiyo saboda keta haƙƙin mallaka. Ba a biyan ko kwabo. Tsarin ya taso ne daga wata dokar Amurka ta 1998 da ake kira DMCA, wadda ta sa kamfani ya sauke abin da mai shi ya kawo ƙorafi a kai in yana so ya tsira daga ƙara, kuma dokarmu ta 2022 ma ta zo da irin wannan tanadi. Kada ki zauna jiran na'urarsu ta kama miki shi. Na'urar, wato Content ID, da suka fara amfani da ita a 2007, sauti da hoto take gwadawa da wanda aka ajiye mata. Muryar wani ƙato yana karanta rubutunki ba ta da abin da za ta gwada ta da shi. Ke ce za ki kai ƙara da hannunki.

Abu biyu nake so ki sani kafin ki danna. Na farko, fom ɗin yana neman cikakken sunanki na gaskiya da adireshi, kuma wanda kike ƙara zai iya ganin sunan da imel ɗin. In da laƙabi kike rubutu, ko maigida ba ya son sunanki ya fita, kina iya wakilta lauya ko wani amintacce ya shigar a madadinki. Ku zauna ku yi wannan shawarar a gida tukuna. Na biyu, a cikin fom ɗin akwai zaɓin ba shi kwana 7 ya sauke da kansa kafin a buga masa gargaɗi. Ni da za ki ji tawa, wannan za ki zaɓa. Gargaɗi 3 a cikin kwana 90 sun isa a rufe tasha ɗungurungum, kuma wataƙila da ita yake ci da iyali. Wanda ya ga wa'adin kwana 7 yakan sauko ya nemi sulhu. In kuwa ya yi taurin kai ya mayar da martani cewa nasa ne, za a ba ki kwana 10 na aiki ki nuna kin kai magana kotu, in ba haka ba a mayar da bidiyon. Kotun da ke da hurumin shari'ar haƙƙin mallaka ita ce Babbar Kotun Tarayya, tamu tana Court Road a Gyaɗi-Gyaɗi. A wannan gaɓar lauya ya zama dole.

In ya nemi sulhu ki saurare shi, domin karanta littafi da murya sana'a ce mai kyau, akwai iyayenmu da 'yan'uwanmu masu larurar gani da ta nan kaɗai labari yake isa gare su. Amma komai a rubuce: wane littafi, nawa zai biya, na tsawon wane lokaci, shi kaɗai aka ba ko za ki iya ba wani. Dokar ma ba ta yarda da sayar da haƙƙi ko ba mutum ɗaya tak izini da fatar baki ba. Ki lura da kalmar "na sayar". Na sha ganin wadda ta karɓi kuɗin da bai kai ya kawo ba tana zaton haya ta bayar, ashe gidan ta rabu da shi.

Saura ɓarakar cikin gida. Mutumin nan ba daga sama ya sami littafin ba, wata daga cikin waɗanda suka biya ce ta fitar. Wannan ba ni da maganinsa gaba ɗaya. Tun 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke tsakanin mai turawa da mai karɓa, kamfanin kansa ba ya ganin abin da ke ciki, don haka dokumen ɗin da ya fita ya fita ke nan. Dabarar da na ga tana aiki ita ce ki raba masu karatunki ƙananan guruf-guruf, kowanne ki canza masa wani ɗan abu da ba za a lura ba. A nan motar ango fara ce, a can ruwan toka. Ranar da littafin ya ɓulla a waje, launin motar zai gaya miki ƙofar da ya bi.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina ɗaukar bidiyon biki, kamu da dina, ina ɗora wasu a tashata don samun kwastomomi. Sai ga saƙo wai wani kamfani a Turai ya ce waƙar da ke ciki tasa ce, alhali waƙar Hausa ce, mawaƙin ma ɗan garin nan ne. Na rubuta a ƙasa cewa waƙar ba tawa ba ce, kuma bai fi daƙiƙa 30 na saka ba. Za a rufe mini tasha ne?
Ƙaninka daga Ɗorayi

AMSA: Ƙanena, kwantar da hankalinka. Yadda ka bayyana shi, wannan da'awar Content ID ce, ba gargaɗin da ake rufe tasha da shi ba. Mawaƙanmu da yawa suna miƙa waƙoƙinsu ga kamfanonin rarrabawa na waje don su shiga Spotify da Apple Music da sauransu, su kuma kamfanonin sai su ajiye sautin a rumbun YouTube. Da na'ura ta ji shi a bidiyonka sai ta ɗaga hannu da sunan kamfanin. Mai waƙar ke zaɓar abin da za a yi: ko a toshe bidiyon, ko a bar shi kuɗin talla ya tafi wajensa, ko a riƙa ƙirga masu kallo kawai.

Rubuta "ba tawa ba ce" ba ya wanke ka, kuma maganar daƙiƙa 30 zancen bakin titi ne, babu ita a doka. Kada ka danna jayayya sai in kana da izini a hannu. In ka yi, ana ba mai da'awar kwana 30 ya amsa, kuma yana iya juya maganar ta koma neman a sauke bidiyon, a nan ne gargaɗi na gaske yake zuwa. Mafi sauƙi ka cire sautin wurin, ko ka musanya shi da kiɗan kyauta da ke rumbun YouTube ɗin kansa. In sana'ar za ka riƙe da gaske, je Zoo Road ka biya wani mai situdiyo ya haɗa maka kiɗa biyu ko uku, ku rubuta cewa naka ne.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma sai na faɗa. Matan da ke rawa a wajen kamu ba don duniya ta kalla suka fito ba. Kafin ka ɗora, nemi yardar gidan amarya da na ango, kuma duk wadda ta ce a cire fuskarta ka cire ba tare da musu ba.

TAMBAYA: Malam, wata ta rubuta labarin marainiyar da kishiyar uwa take azabtarwa, daga baya ta auri mai kuɗi. Ni na riga ta rubuta irin wannan. Satar fasaha ce?
Ɗalibarka daga Kurna

AMSA: 'Yata, in jigon ne kaɗai ya zo ɗaya, a'a. Doka ba ta kare tunani ko jigo, yadda kika zuba shi a kalmomi take karewa, kuma marainiya da kishiyar uwa tun a tatsuniyar kakanninmu suke. Ki ajiye littattafan biyu gefe da gefe ki karanta da biro a hannu. In kin tarar da jimlolinki, ko hirarrakin da kika tsara, ko fage bayan fage a jere yadda kika jera su an canza sunaye kawai, ki ja musu layi, ki rubuta lambar shafi a naki da nata, ki sake rubuto mini da su.