Ana Hayar Mota, Ba A Hayar Lauya

Wani malamin Turanci a wata sakandare a Gusau ya rubuto: "Malam, na koyar da kalmar 'engage', ɗalibai suka ce in ba su Hausarta da kalma ɗaya. Wace ce?"

Babu ita, Malam, kada ka wahalar da kanka. Bature ya ɗora wa kalmar nan kaya iri-iri, mu kuwa kowane kaya da mai ɗaukarsa. In hankalin mutum ake nema, a ce an jawo hankalinsa. In aiki ya sa a gaba, ya duƙufa ko ya tsunduma. In maganar aure ce, an yi baiko. In a fagen daga ne, an gwabza. Sai wurin sa mutum aiki, to nan ne nake da magana, domin nan masu fassarar labarai suke ɓata mana harshe.

Kullum sai ka ji a rediyo an ce wane "ya yi hayar lauya", ko gwamnati "ta yi hayar malamai dubu". Haba! Ita kanta "haya" aro ce daga "hire" ta Turanci, ban kuma da faɗa da aro, tunda lebura da kwangila ma daga can suka zo, sun zauna daram. Amma da Bahaushe ya karɓe ta, ga kaya ya ajiye ta: gidan haya, motar haya, keken haya, hayar kujeru da rumfa ranar biki. Duba inda ake liƙa ta ga ɗan Adam, za ka tarar da raini a ciki. Sojan haya, wanda ya sayar da ransa don kuɗi. Lauya ɗaukarsa ake yi, malami kuma ɗaukarsa aiki ake yi.

Manoman shinkafa na fadamun Argungu da Suru ba su taɓa rikicewa a kan wannan ba. Wanda ya zo ya yi maka shuka ko yanka ka biya shi ladansa, ƙodago ya yi. In kun tsaya bakin gona kun yanke kuɗin aikin dungurungum, ya gama yau ko jibi ruwansa, jinga kuka yi. Yarinyar da ke surfe da wanke-wanke a gidan wasu aikatau take yi. Wanda ya zauna ƙarƙashinka, ci da sha da sutura duk a wuyanka, barantaka ce tsakaninku. Kowace kalma tana gaya maka yadda mutanen biyu suke da juna, da abin da ɗaya zai nema wurin ɗaya in aka saɓa. Wanda ya tattara su duka ya kira su haya, wannan ilimin ya zubar. Ka gaya wa ɗalibanka su fara tambaya: wa aka sa, a kan me, da wane sharaɗi?

Wata ɗaliba daga Birnin Kebbi tana tambaya ko "gayyata" ta katin biki tana da alaƙa da "gayya".

Ƙwarai kuwa, ɗiyata, daga gayya aka samo ta. Gayya ita ce mai gona ya aika wa samarin gari da goro, su taru rana ɗaya su nome masa, makaɗan noma suna zuga su, shi kuma ya fitar da fura da tuwo. Ba a biyan kowa, sai dai ran da aka kira tasu gayyar kai ma ka saɓa fartanya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saurayi ma yakan kai gayya gonar surukinsa, maƙwabtanmu Dakarkari na ƙasar Zuru kuwa har suna da golmo, inda saurayi ke shekaru yana noma wa iyayen yarinya kafin a ba shi ita. Saboda haka wanda ya gayyace ka, a asalin maganar, hannunka yake nema, ba bakinka kaɗai ba. Abin da ya sa raina ke ɓaci ke nan in na ji yaranmu na jami'a suna cewa "ta yi inbaitin ɗina". Ingausar da ta cike gurbin abin da ba mu da shi ina iya haƙuri da ita. Wannan kuwa ga kalmar a gida, da nauyinta, an tsallake ta.

Daga Kaura Namoda: "Gayyar da ke cikin 'ramuwar gayya ta fi gayya zafi' ita ce ta noma?"

A'a. Wannan ta ganganci ce, kamar a ce ya taka ni da gayya.

Daga Yauri: "Mene ne gayyar soɗi?"

Wanda ba a kira ba, ya bi wanda aka kira.

Wani ɗan kasuwa daga Jega ya ce yaran shagonsa sun koma "eskiyus" in za su yi wa mutum magana, yana so ya san me ya kamata su ce.

Alhaji, kai ma ka sani, ka dai so in faɗa su karanta. Sallama ce kan gaba. A ƙofar gida, gafaranku dai masu gida. In za a ratsa mutane, gafara dai. Wanda ba ka san sunansa ba ka duba shekarunsa: Baba, Inna, Malam, Hajiya, 'yan mata, samari. Malami, Allah gafarta Malam. Basarake, ranka ya daɗe. "Kai" da "ke" na tsara ne da na ƙasa da kai, yaron da ya ce wa dattijo "kai" a bakin shago kuwa ya kori ciniki da bakinsa. Ita "eskiyus" ba ta san babba ba, ba ta san yaro ba, shi ya sa suke sonta, ta hutar da su duban fuskar mutum. Ka tsaya a kansu har su saba.

Wata malama daga Talata Mafara tana neman bambancin jawo hankali, ɗauke hankali da jan kunne.

Mai wa'azi yana jawo hankalinka ga abin da ka manta. Waya tana ɗauke hankalin yaro daga karatu. Jan kunne gargaɗi ne, wanda aka yi wa shi ya san abin da zai biyo baya in ya sake.