Kafin ki sa hannu a takardun aikin kula da yaran baƙi a New York

Malama, na ga saƙonki, Allah ya sanya albarka a aikin. Kin ce wata ƙungiya ce a unguwar Bronx ta birnin New York ta ɗauke ki, yara na zuwa bayan an tashi makaranta ana taya su aikin gida da koyon Turanci, yawancinsu 'ya'yan baƙi daga Nijar da Gana da Gini, kuma an miƙo miki tarin takardu wai ki sa hannu kafin Litinin, shine gabanki ke faɗuwa.

Takardun ba abin tsoro bane. Fom ɗin I-9, na tabbatar da cewa mutum na da izinin aiki a Amurka, kowa na cikewa ranar farko, ki nuna shaidarki cikin kwana 3 na aiki, tunda kina da girin kad shi kaɗai ya isa, ba su da hurumin cewa sai kin kawo wata takarda daban. Ki dai kula da akwatin da zaki yi wa alama, na mai zaman dindindin ne naki, kar hannu ya kai na ɗan ƙasa, don ƙaryar zama ɗan Amurka laifi ne da kan rufe wa mutum ƙofar zama a ƙasar har abada. Hoton yatsu da binciken sunanki a rajistar cin zarafin yara ta jiha, duk mai aiki da yara ake yi wa. Albashi kuma su rubuta miki nawa ne a awa, mafi ƙaranci a birnin ya koma dala 17 daga Janairun 2026, in kuma suka ce za su biya ki da 1099, wato fom ɗin haraji na ɗan kwangila mai zaman kansa, alhali su ke tsara miki lokacin zuwa da tashi to ki tambayi dalili, ma'aikaciya fom ɗin W-2 na masu albashi ake ba ta.

Wanda nafi so ki natsu a kai shine wannan. Daga ranar da kika fara, sashe na 413 na dokar walwalar jama'a ta jihar New York ya wajabta miki kai rahoto in kika yi zargin ana cutar da yaro ko an yi sakaci da shi. A ce yaro ya naɗe hannun riga zai wanke hannu kafin a raba musu biskit, sai kika ga shatin wayar caja kwance a damtsensa har ya fara baƙi, uwar kuma kin santa, ranar Asabar tare kuka zauna a gidan suna. Na san me zuciya zata ce miki, bari in ja ta gefe in mata nasiha a rufa asiri, haka muka taso kuma ni ban raina wannan tarbiyya ba. Amma doka bata baki wannan zaɓin ba wallahi. Ba a ce sai kin tabbatar ba, zargi mai dalili ya isa, ke da kanki zaki kira layin rajistar jiha nan take sannan ki sanar da shugaban wajen, gaya masa kawai baya sauke miki nauyi, sai rubutaccen rahoto cikin awa 48. In kika yi shiru da gangan laifi ne da za a iya gurfanar da ke a kai, a kuma nemi diyya a wajenki. In kika kai da kyakkyawar niyya doka ta kare ki ko da hukumar ACS mai kula da kare yara a birnin ta bincika bata samu komai ba.

Ba kowane abu bane rahoto fa. Talauci ba sakaci bane, yaron da takalminsa ya yage taimako yake buƙata. Kuma jihar bata haramta wa iyaye ladabtarwa kwata-kwata ba, wadda ta wuce kima ce matsala, shatin da ya kwana a jiki yana cikinta. Shi yasa nake roƙonki ki nemi a tara iyaye tun farko ki musu bayani da harshen da suke ji, su san abin da ke wuyanki tun abu bai faru ba. Ke kanki kuma ko dungure ko jan kunne ko kamun kunne babu, ko da uban ya ce na baki nama ki bar min ƙashi.

Sai maganar takardun zama. Tun 1982 kotun ƙolin Amurka a wata shari'a da ake kira Plyler ta ce yaro na da haƙƙin makarantar gwamnati ko yana da takarda ko babu, don haka kar ki tambaya, in yaro ya saki baki ya ce babana bashi da takarda to ya tsaya a kunnenki, kar ya shiga WhatsApp. A Janairun 2025 gwamnatin tarayya ta janye tsarin da ke hana jami'an ICE, hukumar da ke kama baƙi marasa takardu, shiga makarantu da makamantansu, to in suka zo ki kira shugaba nan take, kar ki musu ƙarya, kar ki tare hanya da jikinki, amma ba dole a buɗe musu ciki ba sai da warantin da alƙali ya sa wa hannu, wanda jami'insu ya sa wa hannu bai ba su wannan ikon ba. Iyaye za su riƙa kawo miki fom na imigireshan ki taya su tunda kina jin Turanci, karanta musu wasiƙa ba laifi, amma gaya musu wane fom za su cike ko me za su amsa aikin lauya ne ko wakilin da ma'aikatar shari'a ta amince da shi, kuskure ɗaya sai ya rusa wa iyali shari'a.

Ranar Litinin ki nemi su baki rubutaccen tsarinsu kan zuwan jami'ai, da jerin waɗanda aka yarda su ɗauki kowane yaro, ki kuma roƙi iyaye kowa ya ƙara sunan mutum na biyu da na uku saboda ranar da uwa ko uba ba za su iya zuwa ba. Duk abin da kika sa wa hannu ki karɓi kwafinsa.