Amsa: Sakin fursunonin yaƙi in an daina faɗa

Ɗan'uwa ka tambaya ko sai an baiwa ƙasa nata mutanen da aka kama kafin ta saki fursunonin yaƙi, a doka dai ba haka bane. Yarjejeniyar Janiba ta uku ta 1949, wato dokar ƙasa da ƙasa kan fursunonin yaƙi, sashe na 118, cewa tayi da zarar an daina faɗa a sake su ba ɓata lokaci, babu maganar ba ni in ba ka. Amma a aikace fa sai a hankali, duba Iran da Iraƙi, an tsagaita wuta 1988 amma sai 1990 aka fara musaya sosai, wasu bayin Allah har 2003 suna tsare iyalansu na ta jira, wallahi abin na ci min rai. Kuma 'yan Red Cross kan tambayi kowa a keɓe ko yana son komawa, don wani tsoron gwamnatinsa yake.