Amsa ga mai son cire nama daga abincin gidansa saboda hawan jini

Assalamu alaikum. Malam, na karanta tambayarka a tsanake. Ka ce shekarunka sun haura 45, likita ya same ka da hawan jini da kitse mai yawa a jini, saboda haka ka yanke shawarar daina cin nama da kifi da ƙwai da madara gaba ɗaya, kuma kana son uwargida, wadda take shayarwa, da yara su bi ka a kan haka don kada a riƙa ɗora tukunya biyu a gida. Abin da kake son sani shi ne ko akwai illa. Na ga wasu sun riga ni amsawa, wani ya ce nama guba ne, wani kuma ya ce duk wanda ba ya cin nama jininsa ƙonewa yake yi. Ni malamin makaranta ne, kuma na daɗe da barin nama saboda irin larurar da kake fama da ita, sai dai ban taɓa barin nono da ƙwai ba, kuma zan faɗa maka dalili.

Kafin komai, ka tambayi kanka a ina kake cin naman da kake zargi. A mafi yawan gidajenmu nama ba shi ne abinci ba, yanka biyu ne ko uku a kan miya, wani lokaci ma sai romo da ƙamshi. Idan ka cire wannan, kitsen da ka rage kaɗan ne, amma ciki zai nemi abin da zai cike gurbin, kuma abin da ya fi kusa da hannu shi ne ƙarin malmala ɗaya ta tuwo, ko ƙarin shinkafa da taliya da burodi. Na san mutane da suka bar nama suka ƙara teɓa ta wannan hanya, an gudu ba a tsira ba. Naman da yake cutar da magidanci galibi a waje yake cin sa: tsire da balangu bayan sallar isha'i, kayan ciki, kai da ƙafa, da kilishin tsaraba, dukkansu cike da kitse da gishiri da yaji mai dunƙule. Idan wannan ce al'adarka, to barin ta kaɗai zai yi maka babban aiki tun kafin ka taɓa tukunyar gida.

Ba na cewa masu kira ga rage nama ba su da hujja. A shekarar 2015 sashen binciken cutar daji na Hukumar Lafiya ta Duniya ya sanya naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa dajin hanji, ya kuma ce jan nama, wato na shanu da tumaki da awaki, mai yiwuwa ne shi ma yana haddasa shi. Cikin misalan da suka bayar har da busasshen naman shanu, wanda bai da nisa da kilishinmu. Akwai kuma wani dogon bincike na jami'ar Oxford ta Ingila da aka wallafa a 2019, inda aka bi mutum sama da 48,000 na tsawon shekara 18. An gano cewa waɗanda ba sa cin nama da kifi sun fi masu cin nama ƙarancin ciwon toshewar jijiyoyin zuciya da kashi 22 cikin ɗari, amma sun fi su yawan shanyewar ɓarin jiki da kashi 20 cikin ɗari. Masu tallar barin nama rabin farko suke karantowa su yi shiru a kan na biyun. Abin da ya fi jan hankalina a binciken shi ne rukuni na uku, masu cin kifi ba nama ba, waɗanda ciwon zuciya ya ragu a cikinsu da kashi 13 cikin ɗari ba tare da an ga ƙaruwar shanyewar jiki a fili ba. Saboda haka ban ga dalilin da zai sa mai hawan jini ya haɗa kifi cikin abin da zai bari ba.

Abin da na gani a jikina shi ne, makonnin farko ba su da daɗi. Yunwa tana dawowa da wuri, ciki yana kumburi da iska saboda wake ya yawaita, har mutum ya fara tunanin ko olsa ce ta kama shi. Wannan yana lafawa idan aka ƙara waken a hankali, aka jiƙa shi tun dare, aka zubar da ruwan jiƙon kafin a ɗora, wanda kuma ya fi damuwa sai a surfe masa a cire ɓawon. Bayan haka sai na ga bayan gida ya yi sauƙi, nauyin jiki ya ragu, awon jinina ya sauka, amma bai sauka har na rabu da magani ba. Ina roƙonka kada ka ajiye maganinka don ka canja abinci, domin hawan jini ba ya sallama kafin ya kayar da mutum. Ina kuma ba ka shawara a rage kanwa wajen dafa wake da ɗan wake. Gaskiya ne tana sa wake ya nuna da wuri, amma tana ɗauke da sinadarin nan na gishiri da aka hana ka, kuma tana lalata wasu bitamin na abincin. Haka dunƙule: idan nama ya fita daga miya, mai girki takan ƙara shi don ɗanɗano ya dawo, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babba zai ci a yini kada ya kai giram 5, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye a cikin dunƙule. Daddawa mai kyau da albasa da citta da tafarnuwa suna rufe wannan giɓin.

Maganar furotin, abincin gina jiki, ita ce mutane suka fi tsoratar da kai da ita, kuma ita ce mafi sauƙi a ƙasarmu. Babba yana buƙatar kimanin giram 0.8 a kan kowane kilo na nauyinsa, wato mai kilo 70 yana neman giram 56 a yini. Giram 100 na busasshen wake, wanda bai cika gwangwanin madara ba, yana da kimanin giram 23, gyaɗa tana da kimanin 25, waken suya ya kai 36, ƙwai ɗaya kuma yana da 6. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, Nijar na biye da ita, don haka ba abin da za ka nemo daga kanti. Hatsi yana da ƙarancin wani ɓangare na furotin da wake yake da shi, wake kuma yana da ƙarancin wanda hatsi yake da shi, shi ya sa garau-garau, da koko da ƙosai, da tuwon dawa da miyar gyaɗa, da kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli suke cika juna. Ba sai an haɗa su a kwano ɗaya ba, su dai samu cikin yini. Ka ƙara da gujjiya da riɗi da agushi. Abu biyu kawai zan ja hankalinka a kai. Awara da ƙosai suna shan mai sosai a kasko, don haka ga mai kitse a jini alale ya fi, awarar kuma a saka ta a miya ba a soya ba. Sannan a guji gyaɗar da ta yi funfuna ko take ɗaci, saboda gubar da ke cikinta tana lalata hanta, kuma wanda ya bar nama cin gyaɗarsa ƙaruwa yake yi.

Inda gizo yake saƙar shi ne bitamin B12. Babu shi a wake, babu a zogale, babu a kowane ganye ko hatsi da za ka dogara da shi, komai abin da masu sayar da garin ganye za su gaya maka. Ana samun sa ne a nama da hanta da kifi da ƙwai da madara. Abin da jiki yake buƙata kaɗan ne ƙwarai, maikurogiram 2.4 a yini, amma da shi ake gina jini kuma da shi jijiyoyi suke aiki. Haɗarinsa shi ne hanta tana ajiye wanda zai ishi mutum na shekaru, don haka wanda ya daina cin duk abin da ya fito daga dabba zai yi shekara ɗaya ko biyu yana jin garau, yana yaba wa sabon tsarinsa, alhali ajiyar tana ƙarewa. Wani abokin aikina ya bi wannan hanya bayan ya kalli bidiyoyi a intanet, ya bar har da fura da nono. Da farko ya rame ramar da yake so, muna ta yi masa barka. Daga baya sai ya fara cewa yana jin kamar tururuwa na yawo a tafin ƙafarsa, takalmi yana zame masa bai sani ba, harshensa ya yi ja yana zafi, ga mantuwa har a gaban ɗalibai. An yi masa maganin maleriya da taifot, an yi na sanyi, kafin wani likita ya tambaye shi abin da yake ci ya tura shi gwaji. Allura aka yi ta yi masa, jinin ya dawo da wuri, amma ƙafar ta ɗauki watanni, kuma idan irin wannan ya daɗe jijiyar ba ta komawa daidai. Wannan ne ya sa nake riƙe da nono da ƙwai. Kofi ɗaya na madarar shanu yana ba da kusan rabin buƙatar yini, ƙwai ɗaya kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar, sai dai ka lura nonon da aka tsinka da ruwa a kasuwa ba zai ba da haka ba. Wanda ya dage sai ya bar su duka, to ƙwayar B12 ta zama masa dole muddin yana kan tsarin. Mai ciwon suga da ke shan metformin ya ƙara kula, domin maganin kansa yana rage shigar wannan bitamin a jiki.

Sai sinadarin ƙarfe da ke gina jini. Akwai shi a wake da gero da ganyaye irin su zogale da alayyafo da rama, amma jiki ba ya ɗaukar na tsiro da sauƙi kamar yadda yake ɗaukar na nama, har masana a Amurka suka ce wanda ba ya cin nama yana buƙatar kusan ninki biyu. Abin da ke taimakawa shi ne haɗa abincin da mai bitamin C a zama ɗaya, kamar a matsa lemon tsami a kwaɗo, a yanka ɗanyen tumatir a kan wake, ko a ci gwaiba ko lemo bayan abinci. Abin da ke hanawa kuma shi ne shayi, musamman mai kaurin nan da ake dafawa a ƙaramar buta a sha da an tashi daga kan kwano. Ni na mayar da nawa zuwa bayan awa ɗaya ko biyu da cin abinci. Jiƙa hatsi da barin sa ya yi tsami, kamar yadda ake yi wa kamu, shi ma yana sakin ƙarfen da ke ɗaure a cikinsa.

A nan ne zan ce maka kai tsaye ban goyi bayan ka ja uwargida da yara cikin wannan tsari ba. Kai namiji buƙatarka ta ƙarfe miligiram 8 ce a yini, mace mai jinin al'ada 18, mai ciki 27. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, haka kashi 68 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Mai shayarwa kuma B12 ɗin da ke cikin nononta daga abin da take ci yake fitowa, jariri ba shi da ajiyar shekaru irin ta babba, kuma ƙwaƙwalwarsa a lokacin take ginuwa. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ga yaro daga wata 6 zuwa 23 ita ce a ba shi nama ko kifi ko ƙwai kullum, domin cikinsa ƙarami ne, ba zai iya cin waken da zai ishe shi ba. Larurar taka ce, ba tasu ba. Maganar tukunya biyu kuwa ba ta taso ba: a gidana miya ɗaya ake yi, a dafa nama daban a ƙaramar tukunya, a ɗibar mini tawa kafin a zuba shi.

Za ka kuma haɗu da mutane. A gidan suna da biki za a ajiye maka kwano da nama a sama, kuma mayar da shi yana iya zama cin fuska ga mai gida. Ni nakan ci abincin in tura naman ga na kusa da ni, wanda bai taɓa yin fushi ba. Idan aka tambaye ni nakan ce likita ne ya sa ni kiyayewa, ba na tsayawa wa'azi a kan kwanon kowa. Nama halal ne, mai barin sa don lafiya bai haramta shi ba, kuma ina yin layyata kowace shekara, in ɗanɗani abin da ya sauwaƙa, in raba sauran.

Idan ka tashi farawa, ka je asibiti tukuna a auna maka yawan jini da kitse da suga da aikin ƙoda, ka gaya wa likitanka abin da kake shirin yi. Gwajin ƙoda yana da muhimmanci ga mai hawan jini, domin idan ta fara rauni akwai ganyaye da 'ya'yan itatuwa da wake da za a ce ka taƙaita, kuma su ne za ka koma dogara da su. Ka fara da barin naman waje da kitse da kayan ciki, ka ci gaba da cin kifi sau biyu a mako, da nono da ƙwai, ka riƙa auna jininka a gida kana rubutawa a littafi tare da kwanan wata. Bayan wata uku ka koma da littafin a sake gwaje-gwajen, idan awon ya sauka likitan ne zai rage maka magani, idan kuma ka ga har yanzu kana son barin kifin, sai ka nemi a ƙara gwajin B12 cikin waɗanda za a riƙa yi maka duk shekara.