Jinin ɗan shekara biyu zai ishi na'ura kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Jikana ɗan shekara biyu, mai kilo 10, yana fama da ciwon dajin niyuroblastoma. An ce sai an tace ƙwayoyin ɓargo daga jininsa kafin a yi masa magani mai ƙarfi. Yaro ɗan mitsitsi, wane jini gare shi da za a ɗiba? Daga wata kaka, Tudun Wada, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Maganin da za a yi masa yana ƙone ɓargo ƙurmus, shi ya sa ake ajiye iri tukuna, kamar yadda manomi ke ware na shuka. Bayan magani sai a mayar masa da abinsa.

Ana fara yi masa allurar G-CSF, wadda ke sa ɓargo ya yawaita ƙwayoyinsa, kullum, kwana huɗu zuwa biyar, har ƙwayoyin su fito cikin jini. Jijiyar hannunsa ta yi siriri, don haka ake sa shi barci a saka bututu mai baki biyu a wuya ko matsematsi. Na'ura ta ja jini, ta ware abin da ake so, ta mayar da saura, awa uku zuwa biyar. Ana neman aƙalla miliyan 2 na ƙwayoyin irin, waɗanda ake kira CD34, kan kowane kilo na nauyinsa.

Tsoronki yana kan hanya. Duk jinin jikinsa bai wuce mililita 800 ba, bututun na'urar kuwa na riƙe kusan 200. Da za a haɗa shi haka nan, sai jininsa ya faɗi. Saboda haka ake cika na'urar da jinin gudummawa wanda ya dace da nasa kafin a kunna.

Abin da ya fi wahalar ganewa shi ne raguwar sinadarin kalsiyam a jini. Sitiret, maganin da ke hana jini daskarewa a cikin na'urar, yana kame shi. Babba zai ce leɓensa na tsikari, yaro kuwa sai kuka, amai ko murɗar ciki. Ki zauna kusa da shi, domin kin fi kowa sanin kukansa. Da kin ji ya sauya, ki kira nas a ƙara masa kalsiyam ta jijiya. A lulluɓe shi kuma, jinin yakan dawo da sanyi.

In akwai sikila a gidanku, a faɗa tun farko. G-CSF na tayar wa masu ita da ciwo mai tsanani.